Mushe, Allahnku yana jin Hausa?

Wata safiyar Litinin ina cikin goge allo kafin mu shiga darasin tarihi, sai wani yaro ɗan aji shida ya ɗaga hannu. Yaro ne mai kaifin kai, irin waɗanda magana ba ta kwana a cikinsu. Ya ce, "Mushe, an ce jiya an gan ka ka fito daga coci. Wai Allahnku yana jin Hausa?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, na ce masa ya zauna, za mu yi maganar wata rana. Amma tambayar ta bi ni har gida, ta zauna kusa da ni a bakin akushi.

Na fi shekara ashirin ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horar da malamai. Na koyar da labarin Bawa Jangwarzo, da Tanimun na Damagaram, da Sarauniyar Lugu, har na iya su da ka. Ban taɓa buɗa littafin aji na ga layi ɗaya a kan Hausawan ƙasar nan da suke Kirista ba. Ba abin mamaki ba ne, don a ƙidayar 2012 dukanmu, da mu da ƴan Katolika, ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Sai dai abin da ba a koyar ba, yaro yakan cike gurbinsa da abin da ya tsinta a bakin titi. Abin da yaron nan ya tsinta shi ne Kirista baƙo ne, kuma Allahn da yake kira da Faransanci ake yi masa magana.

Ƴan'uwa malamai da iyaye, ba wa'azi ya kawo ni ba. Na san mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, wasunku ma dangina ne na jini. Tarihi nake so in ba da, na wani abu guda da na tarar a gidanmu: yadda tsofaffinmu suke magana da Allah kamar yana zaune a gefen tabarma, suna kuma cewa mai alheri ne ko da rumbu babu komai. Daga ina wannan ya zo, ta wace hanya ya shigo, me kuma ya ci karo da shi a hanya?

Bari in fara da amsar yaron, don tana da daɗi. Wajen 1840 aka haifi wani yaro a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Sunansa Dorugu. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka kai shi Kukawa cikin bauta. Can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ƴanta shi, da Overweg ya mutu a 1852 sai yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim. Ya bi Barth har Tambutu, a 1855 kuma ya bi shi Turai. A Ingila ya zauna gidan wani fasto, James Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Daga bakin Dorugu Schön ya kwashi labarai da tatsuniyoyi da kalmomi masu yawa, da taimakonsa kuma aka fara buga sassan Linjila da Hausa daga 1857. Dorugu ya dawo Afirka daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa. Wato tun kafin Bafaranshe ya kafa tuta a Damagaram da shekara arba'in, Hausar wani ɗan ƙauyen Kance ta riga ta shiga cikin Linjila.

Abin da ya fi jan hankalina a aikin masu fassarar nan shi ne kalmomin da suka zaɓa. Ba su ƙirƙiro wa Mahalicci sabon suna ba. Sun ce Allah, sun ce Ubangiji. Sun ɗauki addu'a, da albarka, da alheri, da jinƙai, da annabi, da mala'ika, da Zabura, kamar yadda suka same su a bakin mutane. Lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ja gabansa, haka abin ya zauna, haka kuma ya kasance a sabuwar fassarar da ta fito wajen 1980. Saboda haka mai sauraro a kasuwar Tsibiri bai ji ana kiran wani baƙon abin bauta ba. Ya ji ana ba shi wani labari ne a kan Wanda ya riga ya san sunansa. Yana iya yarda, yana iya ƙi, mafi yawa kuma sun ƙi. Amma gardamar cikin Hausa aka yi ta.

Waɗanda suka kawo littafin nan wannan gefen iyaka su ne ƴan mishan ɗin Sudan Interior Mission, da muke ce wa SIM. Samari uku ne suka fara ta, suka sauka Legas a ƙarshen 1893. Biyu daga cikinsu ba su cika shekara ba ciwo ya kashe su, na ukun, Rowland Bingham, ya koma Kanada ya sake shiri. Sai a 1924 suka sami zama a Damagaram, lokacin tana babban birnin ƙasa, shekara biyu kafin a mai da gwamnati Yamai. Kafin shekarun 1920 su ƙare sun buɗe wuri a Tsibiri, garin Sarkin Gobir. Daga baya Maradi, da Dogon Dutsi, da wasu garuruwa. Kwamandojin Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba, don Turanci suke ji, daga ƙasar Ingilishi kuma suka ƙetaro. Wannan ya kamata yaranmu su sani: waɗannan ƴan mishan ba ƴan gidan mai mulkin mallaka ba ne a nan, haƙuri kawai aka yi da su. Ƴan Katolika kuwa sun kafa nasu wurin a Yamai a 1931.

Shekaru suka yi ta wucewa masu bi ba su cika tafin hannu ba. A cikin na farko akwai ƴaƴan sarauta, akwai waɗanda suka yi karatun allo sosai, akwai ma'aikatan gidan mishan, akwai marayu. Akwai kuma irin kakata.

Kakata ta wajen uba ɗiyar Arna ce, daga wani ƙauye a gefen Gulbin Maradi. A gidan ubanta ba a musun akwai Allah. Cewa ake yana can sama, nesa, ya yi halitta ya bar ta. Waɗanda ke kusa su ne iskoki, su ake yanka wa akuya da kaza kafin shuka, su ake lallashi in yaro ya kwanta, su ake tsoro a bakin rijiya da gindin tsamiya. Takan ce tun tana yarinya ta san Allah kamar yadda talaka ya san gwamna: ana jin sunansa, ba a zuwa ƙofarsa.

Bayan ta haifi babana tabo ya fito mata a baya, daga nan yatsu suka fara mutuwa. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san abin da ke biyo baya. Aka ware mata ƙwarya da ludayi. Aka yi mata bukka a bayan gida. Ba a kore ta da baki ba, amma ranar da aka miƙo mata hura a kan wani guntun icce don kada hannu ya taɓa hannu, ta gane auren ya ƙare. A 1956 SIM ta buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maradi kan hanyar Najeriya. Bayan ƴan shekaru labari ya kai mata, wani ƙanenta ya ɗora ta a jaki ya kai ta, ya aje ta a bakin ƙofa ya juya.

A lokacin maganin kuturta wata ƴar ƙwaya ce fara, dapsone, wadda ake sha shekara da shekaru. Haɗin magungunan da ke warkarwa cikin watanni sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da umarnin amfani da shi. Don haka masu jinya zama suke yi, su yi noma, su yi aure, su haifi ƴaƴa, har wurin ya zama gari. Kakata ta shekara bakwai a can. Kullum da safe akan yi addu'a da wa'azi kafin a raba magani, amma sau da yawa na tambaye ta wane wa'azi ne ya kama ta, ba ta iya tuna ko ɗaya. Abin da take tunawa shi ne kwana na biyu da zuwanta. Wani ma'aikaci, Bahaushe, ya zaunar da ita a benci, ya ɗauki ƙafarta mai gyambo ya ɗora a cinyarsa, ya shiga wankewa yana tambayarta labarin garinsu. Ta ce shekara uku ke nan babu ɗan Adam da ya taɓa jikinta. Ta yi ta kuka har mutumin ya zaci zafi take ji, ya ba ta haƙuri.

Da ta koyi karatun boko a can, da ƙyar, tana danne shafi da dungun hannu, sai ta iske labarin wani kuturu da ya zo wurin Yesu, shi kuma ya miƙa hannu ya taɓa shi. A nan ta tsaya. Malamanmu na ikilisiya suna da dogon bayani kan wannan, cewa Allah da kansa ya sauko ya ɗauki jiki ya zauna cikin mutane, kuma na san a daidai wannan wuri ne hanyarmu da ta ƴan'uwa Musulmi ta rabu, ba na ɓoye shi. Na kuma san Musulmi ma sun yarda Allah yana kusa da bawansa, yana jin mai kira, na ji wannan a bakin malamai tun ina yaro. Ita dai kakata ba daga littafin tauhidi ta shigo ba. Daga bukkar bayan gida ta shigo. Abin da ta fahimta shi ne Wanda ya yi sama da ƙasa ba ya ƙyamarta.

Na sha jin ana cewa da magani aka sayi mutane irinta. Maganar tana da ɗan gindi, ba zan ce kowa ya shigo da zuciya ɗaya ba, mai yunwa yana iya faɗin abin da mai tuwo yake so ya ji. Amma lissafi bai goyi bayan zargin ba. Dubban mutane sun sha magani a Danja sun koma garuruwansu da sallarsu yadda suka zo. Asibitin Galmi, wanda Likita Burt Long ya buɗe a 1950 a garin nan na albasa tsakanin Ƙonni da Madawa, ya fi shekara saba'in yana karɓar marasa lafiya daga Tawa, da Adar, da Arewacin Najeriya, kuma har gobe kusan dukansu Musulmi suke shiga, Musulmi suke fita. Da magani yana sayen addini, da yankin nan duka ya daɗe da canzawa.

A gidanmu na tashi na same ta, don babana da ya girma ya je ya nemo ta. Ban taɓa ganin mai addu'a irinta ba. Ba ta da lokaci, ba ta da wuri. Tana dama hura da ludayi maƙale tsakanin dungayen hannu biyu tana magana: "Baba, ka ga yaron nan bai ci komai ba tun jiya, ka duba shi." In akuya ta ɓace ta gaya masa kamanninta, da tabon da ke kunnenta, sai ka ce bai sani ba. In akuyar ta dawo ta ce, "To, madalla, na gode," kamar wadda maƙwabci ya mayar wa da aron turmi. Wani lokaci har ƙorafi take yi masa. Na ji ta da kunnena wata damana da ruwa ya ɗauke tana cewa, "Kai ma ka san abin da ke cikin rumbun nan, ba sai na faɗa maka ba." Babana, wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, yakan ce, "Inna, a riƙa girmamawa mana." Sai ta ce masa, "Na nesa ake yi wa kirari. Na kusa magana ake yi masa."

Da na girma na gane ba ita kaɗai ba ce. Haka matan zumunta suke a Tsibiri da Maradi da Dogon Dutsi. In an taru ranar Lahadi akan ba da lokacin shaida, mace ta tashi ta ce zazzaɓin ɗanta ya sauka, wani ya ce an biya shi bashin da ya fid da rai, wata ta ce ta haihu lafiya bayan ɓari uku. Ƴan mishan sun zo da wa'azin zunubi da ceto da ranar shari'a, wannan kuma ya zauna. Amma abin da mutanenmu suka fi riƙewa da hannu biyu shi ne Uban da ya san adadin tiyoyin hatsin da suka rage. A addu'ar da kowane yaron Kirista ke haddacewa, abincin ranar nan kaɗai ake roƙo, ba na shekara ba. Manomin Gobir ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Gaskiya kuma a faɗe ta ko a kan na gida. Masu wa'azin kusancin Allah ba kullum suka kusanci mutane ba. Tsofaffi da yawa sun tuna shingen gidan mishan, da tsayuwa a bakin ƙofa ana jiran a fito, da yadda ba a cika cin abinci akushi ɗaya ba. Abin da ya fi ciwo, a wurina na malami, shi ne karatu. Dokar Faransa ta ce duk makarantar da gwamnati za ta san da ita sai da Faransanci. SIM ta fi mai da hankali ga karatun Hausa da makarantun Littafi Mai Tsarki. Amfaninsa a fili yake: tsohuwa irin kakata, wadda ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, tana karanta harshenta tun kafin gwamnati ta yi tunanin yaƙi da jahilci. Hasararsa ma a fili take: da aka sami ƴancin kai a 1960, ƴaƴan masu bi kaɗan ne ke da takardar da za ta shigar da su ofis. Ƴan Katolika sun bi wata hanya, suka buɗe makarantun Faransanci, inda ƴaƴan Musulmi da yawa suka yi karatu suka zama manya. Wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya, Barbara Cooper, ta bi diddigin wannan tsamin dangantaka a littafin da ta fitar a 2006 kan Kiristocin Maradi. A farkon shekarun 1960 ikilisiya ta tsaya da sunanta, EERN, da shugabanni ƴan ƙasa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 kuma ta rabu gida uku, abin da har yau in dattawa suka tuna sai su sunkuyar da kai.

Cewa Allah mai alheri ne a shekarar da hatsi ya yi ba wuya. Yunwa ce ke gwada maganar. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973 da 1974, wadda ta tafi da gwamnatin Diori Hamani. Ni tawa ita ce ta 1984, da muke ce wa El Buhari, don a shekarar ne Najeriya ta rufe iyaka, fari ya haɗu da rufaffiyar hanya. Ina da shekara biyar. Na tuna jar dawar taimako, da layin mata da ƙwarya, da ƙurar da ke rufe rana. Na tuna ƙanwata, wadda ƙyanda ta iske ta ba ƙarfi. Kakata ta yi kwana huɗu tana magana da Allah a kanta, da lallashi, da ƙorafi, da kuka. Ranar biyar yarinyar ta rasu.

Wata maƙwabciya da ta zo gaisuwa, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Inna, ina Baban naki da kike kira dare da rana?" Ban fahimci amsar ba sai bayan shekaru, da uwata ta maimaita mini. Cewa ta yi, "Bai hana ba. Amma bai tafi ba." Ba ta ƙara komai a kai ba, ba ta kuma taɓa ƙoƙarin bayyana dalilin mutuwar ba, ko a lokacin ko daga baya. Washegari da asuba aka ji ta tana gode masa don ruwan da aka samu a rijiya. Na karanta littattafai a kan wannan tambaya tun daga lokacin, masu kauri, ban iske wanda ya wuce inda ta tsaya ba.

A daidai waɗannan shekaru wani abu yana faruwa a gonakin Maradi wanda yanzu duniya ta san da shi. Wani ɗan Ostareliya mai ilimin noma, Tony Rinaudo, ya zo aiki da SIM a 1981. Aikinsa dashen itatuwa, itatuwan kuma mutuwa suke yi, rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu, gara ta gama da saura. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin wata rana a 1983, yana kan hanyar ƙauye da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Ya duba ko'ina fili fetal, ransa ya ɓaci, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido ya nuna masa abin yi. Da ya ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Ya matsa ya duba ganyen, ya ga ashe icce ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi. Gonakin duka cike suke da irinsa.

Abin da ya biyo baya kun san shi, sassabin zamani: a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse saura, a kare su. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, wanda ya bar tsiro a gonarsa ya sami hatsi. Da yunwa ta wuce mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne shuka, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Yau ana maganar kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kalgo da sabara da gawo. Ba zan ba mutum ɗaya ladan duka ba. Manoma ne suka yi aikin, kusan dukansu Musulmi, tsofaffinsu ma sun san dabarar tun dā, kuma abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata iccen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. In na koyar da wannan a aji, haka nake koyar da shi. Amma mutumin da ya fara ya ce amsar addu'a ce, a majami'unmu ma haka aka ɗauke shi, kuma ban ga inda bayanin biyu suke faɗa da juna ba.

Akwai abin da ke damuna a namu gefen, bari in faɗe shi a taƙaice. Tun bayan taron ƙasa na 1991, da aka saki ƙungiyoyi, sababbin majami'u sun shigo, wasu da wa'azin cewa alamar alherin Allah ita ce mota da gida da lafiya marar yankewa. Matasanmu suna son jin haka, wa zai ƙi? Sai dai in da wannan mudu za a auna, kakata ba ta sami komai ba. Yatsunta ba su dawo ba har ta koma ga Ubangijinta a 2006, ba ta kuma taɓa mallakar abin da ya wuce awaki huɗu ba.

Sai maganar wuta. A Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa wuraren Kirista hari a Maradi. Muka ɗauka abin ya wuce. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, aka tashi a Damagaram, washegari Asabar aka tashi a Yamai. Mutum goma suka mutu a biranen biyu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙone. Zanen nan mu ma ya ɓata mana rai, ba mu da hannu a cikinsa, ba mu san masu yin sa ba. Amma a kan yaron da ke riƙe da galan ɗin mai, Kirista da Bafaranshe abu ɗaya ne.

A Damagaram nake aiki lokacin. Bayan sallar Juma'a muka fara ganin hayaƙi. Ina tsaye a tsakar gida na rasa abin yi, sai aka buga ƙofa. Maƙwabcina ne, wani Alhaji tela, da carbinsa a hannu. Bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Malam, kwaso iyali, yanzu." Muka bi ta ƙofar baya. Hajiya ta sa matata da yara a ƙuryar ɗakinta, ta yafa wa ɗiyata hijabin ɗiyarta. Da wasu samari suka zo tambaya, muna jin Alhaji a zaure yana cewa duk wanda ke cikin gidan nan baƙonsa ne, mai son shiga sai ya fara taka shi. Kwana biyu muka yi a can kafin muka koma barikin soja inda aka tara sauran jama'a. Majami'armu ta ƙone ƙurmus.

Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne wannan. Da nake leƙe ta tagar ɗakin Alhaji, na ga fuskar da na sani cikin masu gudu da duwatsu. Yaro ne da ya zauna a ajina shekara guda, a benci na biyu. Ni na koya masa raba lamba. Ban koya masa cewa mushensa jikan wata ƴar Gulbin Maradi ba ne, don ba ya cikin tsarin karatu, ni ma kuma ina ganin ba abin faɗa ba ne a aji.

A bariki ɗiyata, tana da shekara tara lokacin, ta tambaye ni inda Allah yake sa'ad da ake ƙona cocinmu. Na yi shiru, sannan na ce mata ya aiko Alhaji. Ta ce, "Baba, ai Alhaji Musulmi ne." Na ce na sani. Na tabbata da kakata na da rai ba za ta ga wata matsala a nan ba, godiya za ta yi, ta kuma gaya wa Allah sunan Alhajin da sana'arsa don kada a yi kuskure wurin saka masa.

Mako biyu bayan tambayar yaron nan na aji shida, na nemi izinin darakta, na rataya taswirar ƙasa a allo. Lakwal ta gwamnati ce, ban karanta musu nassi ko ɗaya ba. Na nuna musu Kance na ba su labarin Dorugu, suka yi tsit da aka zo wurin jirgin ruwa. Na nuna Tsibiri, da Danja, da Galmi. Hannuwa suka fara tashi: wannan an yi wa kakarsa aiki a Galmi, waccan innarta ta kwanta a sashen masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012. Daga nan na ba su aikin gida, kowa ya tambayi wani tsoho a gidansu me aka ci a shekarar El Buhari, wa kuma ya taimake su.

Takarda 52 na karɓa. Wasu sun rubuta dussa da ganyen jiga, wasu sun rubuta wani kawu da ke aiko kuɗi daga Abijan. Mai tambayata ya cika shafi biyu. Kakansa ya gaya masa an ba su dawa a shekarar don sun bar tsiron kalgo a gona, mutanen gari suna yi musu dariya, kuma itatuwan suna nan har yanzu, a ƙarƙashinsu ake ɗaure jaki. Da Faransanci aka ce su rubuta, ya kuwa yi ƙoƙari, amma a ƙasan shafi ya ƙara layi ɗaya da Hausa, wai kakansa ya ce a gaishe da mushe, in an yi hutu ya zo ya ga gonar. Ban rage masa maki ba. Ranar Asabar ta farkon hutu na hau babur na tafi.